Jar Ganga a Hanyar Gaya

Karo na uku ke nan cikin wata guda ana kawo wa Sallau ƙarar jar gangar nan, kuma wallahi ya gaji.

Shekara ɗaya da cikar tafkin Kainji aka ɗora masa aikin fitar da hanyar jiragen kaya, daga bakin madatsa zuwa Yelwa, ta miƙe har Gaya da Malambil. A baki aikin ba wuya: a ɗaure farar gangar mai inda ruwa ke lafiya, a ɗaure ja inda akwai dutse. Wuyar ita ce ruwa ya shafe komai. Tsibirai, gonakin albasa, garuruwa, duk sun koma shimfiɗa ɗaya. Sallau kansa ɗan tsibiri ne, amma shekara biyar ya yi yana zuba kankare a madatsa, ba hutu ba ganin gida, ko rasuwar innarsa a wasiƙa ya ji. Yanzu duk inda ya duba ruwa ne kawai.

Shi ya sa ya ɗauko kawunsa Dudu, tsohon matuƙi wanda ya san kogin nan kamar yunwar cikinsa. Inda duk tsoho ya nuna da sanda, nan Sallau ke jefa ganga ya sa hannu a takarda.

Ganga arba'in suka ɗaure, talatin da tara ba wanda ya ce uffan a kansu. Ɗayar ce fitina. Tana can tsakiyar ruwa, kusa da kan wata busasshiyar giginya da ya leƙo sama. Dudu ya ce wurin ba na wasa ba ne. Masu jirgi kuwa al'adarsu tun kaka da kakanni, in an zo mugun wuri sai a tsai da tuƙi, jirgi ya sulale a hankali, kowa ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku ya shafa. Da inji ya zo, sai aka koma kashe inji.

To injunan nan, in ka kashe su, tashi sai sun ga dama. Wani falke daga Gaya ya yi rabin yini a wurin har hadari ya sauko wa kanwarsa. Wani albasarsa ta makara kasuwa. Ƙara ta kai ga Baturen hanya, shi kuwa taswirarsa ba ta nuna ko tsakuwa a wurin ba.

"Ran Juma'a ka je ka auna," in ji Bature. "In babu dutse, ka cire gangar, ka kawo mini makullin gidan gwamnati."

Mata da 'ya'ya huɗu Sallau ya ajiye a gidan nan. Wani gidan kuma ba shi da shi, na gado yana ƙarƙashin ruwa.

Da hantsi ya isa, ya tarar Kawu Dudu ya riga shi, yana cikin ɗan kwalekwalensa yana sabunta wa ganga jan fenti. Ashe haka yake yi duk Juma'a. Suka gaisa sama-sama. Sallau ya saki igiya mai ƙarfe a baki. Gaba tara, ta nutse cikin laka. Ya matsa gabas ya sake, laka. Ya zaga giginyar kaf har kafaɗunsa suka yi tsami, ko ɗan dutsen kaifafa wuƙa bai taɓa ba.

Ana haka sai ga jirgin Malambil, shaƙe da gishiri da mutane. Yana daidaita da ganga inji ya yi tsit. Mutum wajen sittin suka ɗaga hannu, Dandawa da Zabarmawa da 'yan Yauri, har waɗanda ba salla suke yi ba suka sunkuyar da kai. Suka shafa. Kawu ma ya ajiye fenti ya shafa tare da su.

Sallau bai shafa ba. Ransa ya ɓaci, ga gajiya, ga tsoron komawa gida da labari. Ya zaro wuƙa ya kama igiyar ganga.

"Kawu, ka kashe ni. Na yarda da kai na sa hannu, ga shi ko alamar dutse babu. Jirage nawa kake tsayarwa kullum a banza?"

Tsoho ya goge yatsunsa a gefen kwalekwale, ya daɗe yana kallon kan giginyar.

"Yanke, ɗana, hanya taka ce," ya ce a hankali. "Taki bakwai gabas da giginyar ga na haƙa kabari da hannuna. Kai ba ka samu zuwa ba, ruwa ko bai jira ba, shi ne na samo ma innarka masu yi mata addu'a."