Gram Biyar Da Wuta Ta Cinye

Masu saurin cewa abu ya ɓace, ku matso ku ji abin da ya sami wani mahaƙin zinariya, mutum mai wayo, irin wayon da ke sa a kulle ƙofa alhali ɓarawon yana ciki. Aikinsa irin na sauran 'yan rami ne. A niƙa dutse, a wanke garin, a zuba masa zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da ke gudu a tafin hannu. Zaiba ta kame ƙwayoyin zinariya, a matse a tsumma, a sami ɗan curi. Sai a ɗora curin a cokali bisa garwashi, zaiba ta tashi, zinariya ta zauna. Abokan aikinsa a bakin rami suke ƙona nasu. Shi kuwa, don kada idon mutane ya ga rabonsa, a ɗakin kwanansa yake yi. Ya rufe ƙofa, ya toshe taga da buhu, ba mai ganinsa sai 'yarsa mai rarrafe, ita kuwa ba ta iya tsegumi ba tukuna.

Maƙwabcinsa tsohon malamin kimiyya ne da ya ajiye alli ya koma kiwon zabi. Da ya ji yadda ake yi, sai ya roƙe shi ya ɗora curin a sikeli kafin wuta da bayanta. Kafin wuta gram goma, bayan wuta gram biyar.

"Ɗan nan, ina sauran biyar ɗin?"

"Wuta ta cinye, Malam."

"Wuta ba ta da ciki," in ji tsohon.

Ya yi masa bayani cewa babu abin da ke ɓacewa a duniyar nan, riga kawai yake sauyawa. Ruwan da ya ƙone a tukunya tururi ya zama, kuma duk matar da ta taɓa ɗaga murfi ta gan shi ya dawo ɗigo-ɗigo. Haka zaiba take, sai dai tururinta ba shi da launi, ba shi da wari, ba ya sallama kafin ya shiga huhu. Mahaƙin ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce da wuta tana mayar da abin da ta ci, da masu sayar da itace sun mutu da yunwa. A majalisa ma ya ba da labari, wai boko da zabi sun haɗu sun juya kan dattijo.

Damina biyu suka wuce. Ya fara jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa, dasashinsa na jini. Hannun da ke tsinto zinariya ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero ya koma ba ya kai kofin koko baki sai rabi ya zube. Ya ce sammu ne, ya ƙara toshe taga. Yarinyar kuma, sa'o'inta na gudu a tsakar gida, ita in ta miƙe sai ƙafafu su yi ta karkarwa ta zauna.

Wata safiya bayan ruwan sama, ɗakin ya yi sanyi, yana kwance rigingine sai ya hangi wasu abubuwa masu ƙyalli a cikin kwanon rufi, ƙanana birjik kamar idon kifi. Ya hau turmi, ya shafa da gashin kaza. Suka gangaro, suka haɗe wuri guda, suka faɗo kan tabarmar yarinyar. Ta miƙa hannu za ta ɗauka, ya fizge ta har ta tsala kuka. Zaibarsa ce, ba ta ko canza fuska ba. Ya tattara ta da ƙyar, bai cika rabin murfin kwalba ba. Ya waiga bayan ƙofa, inda kwalaben zaibar da ya juye a shekara biyu suke jere babu komai a ciki. Tambayar tsohon ta dawo masa, ina sauran? Ya dubi hannunsa yana rawa, ya dubi ƙafafun 'yarsa. A wannan karon bai ce wuta ba. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya fita ko takalmi babu, yana ƙwala wa maƙwabcin kira ya nuna masa hanyar asibiti.

Da ma Hausawa sun riga malamin faɗa: komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.