Jan Biron Sakatare

Duk Lahadi, bakwai saura kwata, Sakataren ikilisiya na tsaye a ƙofar majami'a da littafin halarta da biro biyu. Shuɗi na waɗanda suka zo ne, ja kuwa na waɗanda suka zaɓi halaka. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa fashin sujada ba, in ma ka manta zai tuna maka kafin ka sami wurin zama.

Iyalinsa ma ba su tsira ba. Matarsa da 'ya'yansa huɗu a bencin gaba suke, daga waƙar farko har albarkar ƙarshe, ko da zazzaɓi na kaɗa mutum. Da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifinsa a ɗakin baya, mutane sun zaci za a ga giɓi a bencin. Ina. Matar ta ce ta yi dabara, shi kuma ya miƙe lokacin ba da shaida ya ce Ubangiji ya tanada, aka tafa masa. Yakan ɗaga murya daga tsakar gida ya ce wa tsohon Allah ya ƙara sauƙi, ya gyara wuyan riga ya wuce taro.

Wanda ya tsaya masa a maƙogwaro shi ne Bakanike. Layinsa a littafin ya yi ja zur, Lahadi talatin a jere. Addu'ar Laraba kaɗai yake leƙowa, da baƙin mai a farce, ya zauna can baya yana gyangyaɗi. Ga shi saura mako uku auren 'yarsa, dokar ikilisiya kuwa ba a ɗaura aure a gaban bagade sai Sakatare ya sa hannu cewa uban amarya mai zuwa sujada ne. An riga an raba katin gayyata da sunan majami'ar.

Ran Alhamis Bakanike ya kawo wa Sakatare takardar sa hannun a ofis.

"Ina kake zuwa ran Lahadi, ɗan'uwa?" in ji Sakatare.

"Wani ɗan aiki ne, Baba Sakatare."

"Aiki. Ranar da Mahalicci kansa ya huta, kai kana kwance ƙarƙashin mota."

Bakanike ya murza hularsa a hannu.

A gida matar Sakatare ta gwada sa baki. "Maigida, ka sa wa mutumin nan hannu mana, ko don yarinyar."

"Yaushe aka zaɓe ki cikin dattawa ban ji ba?"

Ta ɗauki kwano ta nufi ɗakin baya.

Hukunci ya fito a rubuce. Ranar Lahadi Bakanike zai tsaya gaban jama'a ya nemi gafara, in bai zo ba a soke sunansa, 'yarsa ta nemi wani wurin aure. Sakatare ya zaɓo ayoyi uku masu zafi, ya gwada su a gaban madubi har ya ji tausayin kansa saboda nauyin da aka ɗora masa.

Lahadi ta zo. Aka yi waƙa, aka yi karatu, ba Bakanike. Amarya na cikin mawaƙa, bakinta na motsi amma kuka take yi. Matar Sakatare sai waiwayen ƙofa take tana murɗa hankici. Da aka kai ga sanarwa, Sakatare ya hau mumbari, ya ɗora tabarau a kan hanci, ya cire murfin jan biro a hankali don kowa ya gani. Gaskiya ya ji daɗi.

Sai ƙofa ta buɗe. Bakanike ya shigo sharkaf da gumi, yana tura keken guragu. A ciki wani tsoho ne ramamme, an yi masa aski tas, an sa masa riga mai guga, bakinsa ya karkace gefe guda.

Sakatare ya leƙo ta saman tabarau, ya yi wata 'yar dariya a makirufo.

"Kun ga wayo ko? An je an kwaso tsoho don a saye zukatanmu. To ba a yi wa Allah dabara. Masu wannan bawan Allah ma su ji kunya, dubi yadda suka bar shi ya ƙare. Ɗan'uwa, tsohon wa ka aro?"

Bakanike ya taka birkin keken, ya ciro tawul daga kafaɗa ya goge wa tsohon miyau, kamar wanda ya saba. Sannan ya ɗago.

"Ka yi haƙuri da makarar, Baba Sakatare. Ka ce lallai in zo, ni kuma ban sami wanda zai karɓe ni jinyar mahaifinka ta Lahadi ba."