Hotuna Biyu a Bangon Zaure

Hotuna biyu ne a bangon zaurenmu a Haɗeja, duk na 'yan ƙwallon kwando. Ɗaya gwanin Baba ne, wanda ya daɗe da daina wasa, ɗaya kuma gwanin Yaya Sabo. Tun da Yaya ya ce ya gama da noman shinkafa a fadama, hirar hotunan nan kaɗai ta rage tsakaninsu.

Ran nan bayan la'asar na kawo ruwa, na tarar musu ya yi zafi.

Yaya ya ce, "Haba Baba, naka fa tsofaffi ya yi ta wucewa."

Baba ya ce, "Naka kullum sauya ƙungiya. Wanda bai iya zama wuri ɗaya ba, ina gwanintarsa?" Sai ya juyo. "Auta, ke ba kya ƙarya. Wa ya fi?"

Na ce, "Duk ɗaya ne."

Yaya ya tashi ya ɓamɓare hoton gwaninsa, ya cusa a jakar da sai lokacin na gan ta a bakin ƙofa.

Yau har na aurar da 'ya, amma ina ta gwada amsoshi a raina, ko akwai wadda da ta zaunar da shi. Ban samu ba.