Motar Waya Ba Ta Ɗaukar Ɗan Tudun Maƙera

Tun shekarar da aka sace wayar lantarkin da ke jan motocin haya a Tudun Maƙera, aka kafa doka: motar waya ba ta motsi in ɗan unguwar yana ciki. Shekara ashirin ke nan.

Tanimu ya sani sarai, amma 'yarsa Baraka ta kwana uku da zazzaɓi, ga asibiti da nisa. Ya rungumo ta, ya lallaɓa ya shiga motar, ya zauna can baya. Nan take ƙahonin ƙarfe biyu da ke saman motar, masu jawo mata wuta, suka saki waya, fanka ta mutu.

"Wane ɓarawon waya ne a cikinmu?" in ji wani mai babbar riga. "Ya fita, muna da abin yi!"

"Ku dubi takalminsa," wata tsohuwa ta nuna, "jar ƙasar Tudu ce."

Tanimu ya miƙe. "Ni ne. Amma yarinyar a Fagge aka haife ta. Inna, don Allah ki sauke ta a asibiti, zan biyo ku da ƙafa."

Tsohuwar ta karɓe ta, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya sauka, ya tsaya cikin rana yana jiran ƙahonin su tashi.

Ba su tashi ba. Ta taga ya hango kawuna suna juyawa, ɗaya bayan ɗaya, wajen Baraka.