Ƙarnin Kifi a Ofishin Hedimasta

Ina aji uku a Chanchaga hedimasta ya sa aka kira Inna, wai ba na iya zama wuri ɗaya. Daga kasuwa ta zo, zanenta na ƙarnin kifin madatsar ruwan Tagwai.

Ya ce, "Mama, bulala ce maganin yaron nan."

Inna ta nisa. "Malam, da bulala na magani, da ya warke tun a gida. Ku dai zaunar da shi gaba, in ya fara mutsu-mutsu ku sa shi goge allo."

Dariya ya yi, ya sallame mu.

Yanzu likitoci sun san sunan wannan rashin natsuwar, kuma ɗiyata ta gado ni. Jiya a ofishin hedimastanta na ji bakina yana maimaita roƙon Inna, har da gajiyar muryarta.