Wayar Maigadi Ta Cika

Auta, na ji kana faɗa wa yayarka kana so a sa maka gem a waya, irin wanda ba sai an kashe kuɗi ba. Ni ban ce haramun ba ne, ba ni da ilimin da zan ce haka, kuma wanda ya wuni yana aiki ba laifi ya ɗan sarara. Amma zauna ka ji wani misali kafin ka miƙa wa kowa wayar nan taka.

An yi wani maigadi a ƙofar wata ma'ajiyar siminti a birni. Aikinsa zama ne: ya buɗe ƙofa mota ta shiga, ya rufe, sai kuma jiran wata. Wayarsa 'yar ƙarama ce, ta hannu ya saya, gilashinta da tsaga a gefe. Da zama ya gundure shi, aka sa masa wani ɗan wasa marar nauyi, na jera 'ya'yan itatuwa, in uku suka yi layi su fashe. Ba ya cin data, ba ya shan caji, in ladan ya kira salla sai ya kife wayar ya tashi. Yana jin daɗin abinsa, har ran da wani direba ya zauna kusa da shi a benci yana buga ƙwallo a tasa wayar, 'yan wasa na gudu kamar a talabijin, har ihun 'yan kallo ana ji. Tun daga ranar 'ya'yan itatuwa suka fita ransa. Sabuwar waya ta fi ƙarfinsa, don haka ya saci jiki da rana ya je rumfar mai caji, wanda ke tura wa mutane waƙoƙi da wasanni. Mai caji ya gwada tura masa wasan ƙwallon, ya ce, "Baba, wayar nan ta cika maƙil, sai an share kaya. Duba abin da kake so a bari." Maigadi kuwa ya baro ƙofa ba kowa, hankalinsa na can. Ya ce, "Share duk abin da ya tare hanya, ni sauri nake." To, abin da ya cika wayar muryar mahaifiyarsa ce. Tsohuwar tana ƙauye, ba ta da waya, ba ta iya rubutu ba. Kowace Juma'a in an sauko masallaci sai ta ari wayar matar maƙwabci ta yi masa saƙon murya. Ta ba shi labarin akuyarta mai ɓarna, ta yi masa faɗan rashin cin abinci a kan lokaci, sannan ta rufe da doguwar addu'a. Shekara da shekaru suna taruwa a ciki. Ba mantuwa ya yi ba, ya san suna nan. Cewa ya yi a ransa, ai wata Juma'ar na tafe.

Mai caji ya share su, wasan ya shiga. 'Yan ƙwallo suka fito fili, alƙali ya busa usur, sai hoton ya tsaya cak, wayar ta ɗau zafi kamar an ciro ta daga murhu, ta mutu. Ya kunna, ta sake. Ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallon nan ba. Juma'a ta zo, aka sauko masallaci, saƙo bai shigo ba. Ya duba, ya mayar aljihu, ya sake cirowa. La'asar ta yi, shiru. Ya kira matar maƙwabci, layi ba ya shiga. Mota ta tsaya tana ta hon a ƙofa bai ji ba, sai da direba ya sauko ya taɓa shi. Washegari da safe aka kira: tsohuwa ta faɗi tana alwala, ɓarin jikinta ya shanye. Tana da rai, tana gane mutane, amma magana ta ɗauke. Ya je gida ya durƙusa gabanta, ta dube shi, leɓenta na motsi, ba abin da ke fita. Ya roƙi matar maƙwabci ko saƙonnin na nan a wajenta. Ta ce ita ma tata wayar ƙarama ce, da saƙo ya tafi take sharewa. Ya dawo birni ya shiga bin masu gyaran waya rumfa-rumfa. Wannan ya ce a dawo gobe. Wancan ya ce wasan ya riga ya hau kan wurin da muryar take, kamar garken shanu ya bi ta kan sawun mutum ɗaya. Likita kuma ya ce maganar tana iya dawowa, tana iya ƙi, sai yadda Allah Ya yi. Dare da rana yana ƙoƙarin tuno yadda take fara addu'ar nan, kullum sai ya ji wata kalma ta sulluɓe masa.

Yanzu duk Juma'a matar maƙwabci ce ke kiransa, ta kara wa tsohuwa wayar a baki. Shi kuma yana tsaye a bakin ƙofar siminti, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa saboda ƙarar motoci, ba ya jin komai sai numfashinta. Yana ta cewa amin, amin, bai ma sani ba ko a daidai wurin yake faɗa.

Shi ne magabata suka ce, garin neman gira, a rasa ido.