Kwana Tara a Aljihu

Kwana tara wasiƙar ta yi a aljihunsa kafin ya yi sallama a ƙofar maƙwabcinsa, malamin makaranta.

Duk Kurmin Mashi "Akawu" ake ce masa. Masinja ne a ofishin gwamnati, ko bihim bai sani ba, amma kullum da alƙalami a aljihu, da jarida a hammata. Yau da gobe, har shi kansa ya yarda cewa idonsa ne kawai ba ya gani sosai.

"Malam, na manta tabarau ne..." Sai ya sunkuyar da kai. "A'a. Ban iya karatu ba. Karanta mini."

"Ai mun daɗe da sani, maƙwabci," in ji malamin. "Kuma babu wanda ya raina ka."

Ya buɗe takardar. Fuskarsa ta sauya.

"Daga ƙaninka ne, a Gusau. Ya ce mahaifiyarku na kwance, sunanka kawai take kira. Ya ce ka taho ranar da ka sami wannan."

Washegari ya hau jirgin ƙasa. Tabarmi ya tarar a ƙofar gida, ana sadakar ukun mahaifiyarsa.